Ajali Ba Ya Share Haƙƙi: Marsiyyar Wani Mai Bege Na Rusairis Da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutuwa da rayuwa, Ya sanya wa kowane rai lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, waɗannan 'yan baitoci ne da aka yi don tunawa da wani saurayi daga cikin 'ya'yan halkarmu ta Rusairis, mai sana'ar walda da rana, mai bege da dare, wanda ya faɗo daga kan gini a wurin aikinsa ya cika. Ba mu ambaci sunansa ba domin mahaifiyarsa ta roƙi a bar shi, ba mu kuma ambaci sunan mai ginin ba domin ba tonon asiri ya kawo mu ba. Abin da ya sa aka yi musu sharhi shi ne maganganu biyu da muka ji suna yawo a wurin zaman makoki, waɗanda malami ba zai ji su ya yi shiru ba.

Da sunan Allah za ni fara batun nan,
Wanda Ya yi rai kuma Ya yi mutuwa.
Salati ga Manzo ɗan Amina Muhammadu,
Da alai, sahabbai masu kyan cikawa.
Rusairis ta yi shiru a daren Juma'a,
Ɗar na rataye, babu mai taɓawa.

Sharhi: Ɗar ita ce 'yar gangar nan mai fuska ɗaya da masu madihu na ƙasar Sudan ke bugawa, 'yar'uwar bandirin da 'yan'uwanmu na Kano suka sani. Rusairis kuwa gari ne a gabashin Baharul Azraƙ, watau Shuɗin Nilu, yana kallon Damazin da ke ƙetare. Mun yi wannan bayani ne saboda masu karatu na Yamma, waɗanda da yawansu sun san akwai danginsu a Gabas amma ba su san yadda aka yi suka zauna ba. Kakanninmu wasu alhazai ne da suka taho a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, har zama ya kama su. Wasu kuwa sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannayensu na daga cikin waɗanda suka yi noma da tsinka. Da aka soma madatsar Rusairis a 1961 aka ƙare ta a 1966, 'ya'yansu sun ɗauki dutse da siminti. Da aka zo ƙara mata tsawo da mita 10, aikin da aka buɗe a farkon 2013, jikokinsu ne suka shiga. Mutanenmu a ƙasar nan ko da yaushe masu cin guminsu ne, a gona ko a ruwa ko a kan gini, saboda haka zancen haƙƙin ma'aikaci a wurinmu zancen gida ne.

Da rana ƙarfe ne a hannun yaro,
Wuta na tartsatsi, yana haɗawa.
Da dare yabon Manzo a bakin yaro,
Dattawa na hawaye, ba ɓoyewa.

Sharhi: A zamanin ƙarin madatsar nan ya koyi walda, yana yaron wani, yana ɗauko masa waya da sandunan ƙarfe, har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya riƙa yin ƙofofi da tagogi da gadaje, in kuma an sami gini mai rufin ƙarfe a Damazin sai a kira shi ya hau. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce, siririya ce, amma ba ta karkacewa, kuma ya iya yin bege da Hausa da Larabci duka, abin da ya yi ƙaranci a samarin yanzu, domin mafi yawansu Larabci ya cinye musu harshen iyaye. Ba za mu ɓoye ba, ban da ɗar yana kuma kaɗa garaya a wurin biki in abokansa sun matsa masa. Mun faɗi wannan ne don baitin da ke tafe ya dogara a kansa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, haɗa sana'ar hannu da daɗin murya ba baƙon abu ba ne a cikin bayin Allah. Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Alƙur'ani ya ba da labari a Suratu Saba'i cewa an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, duwatsu da tsuntsaye kuma suna amsa masa tasbihi. Hadisi ya tabbata cewa daga aikin hannunsa yake ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ji karatun Abu Musal Ash'ari, da muryar gidan Dawuda ya kwatanta shi. Ba muna daidaita yaronmu da annabawa ba ne, Allah Ya tsare mu, sai dai muna cewa maƙeri mai murya yana da wanda zai duba.

Ya ce wa mai gini katakon ya tsage,
Aka ce masa gobe za a yi sakewa.
Goben ba ta zo ba, rana na tsaka,
Sai ƙara aka ji, sai faɗowa.

Sharhi: Abin da abokan aikinsa uku suka shaida a gaban dattawa shi ne, katakon da ake shimfiɗawa a kan turaku don ma'aikaci ya tsaya, wanda Larabawan nan ke kira sigala, ya daɗe yana shan rana da ruwa, ya tsage ta tsakiya. Marigayin ya nuna wa mai kula da aikin tun da safe. Aka ce masa a ƙarasa na yau, gobe a sayo sabo. Babu igiya a ƙugunsa, babu hular ƙarfe a kansa, domin ba a ba kowa ba. Yana hawa na uku katakon ya rabu. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mahaifiya, da mata, da 'yar jaririya da ba a yaye ba.

Wani zai ce, mutanen da suka ga fitinar Yulin 2022 a wannan jiha, da yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023, me ya rage musu na hawaye a kan mutum guda da ya faɗo daga gini? To, shari'a ba ta ƙidaya haka. Rai guda ne aka saukar wa ayar kisan kuskure, kuma yawan gawawwaki bai taɓa rage farashin guda ɗaya ba.

Wasu sun ce kiɗa ne ya ja masa,
Wa ya ba ku littafin kuke karantawa?
Amiru ɗan Akwa'u ya isa amsa,
Ku je Haibara ku ji irin shaidawa.

Sharhi: Maganar farko da muka ji ita ce ta masu cewa wannan irin mutuwa ta farat ɗaya alama ce ta fushin Ubangiji a kan mai kiɗa. Hukuncin kiɗa abu ne da malamai suka daɗe suna saɓani a kansa. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, ya tsananta, bai yi sauƙi ba sai ga dufu a wurin aure. Imamul Gazali kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro, ya rarrabe tsakanin abin da ke motsa zuciya zuwa ga Allah da abin da ke motsa ta zuwa ga sha'awa. Wanda ya ɗauki maganar mai tsanantawa yana da magabaci, ba mu zarge shi ba. Abin da ba shi da magabaci a kai shi ne ya dubi yadda mutum ya mutu ya ce ya karanta hukuncin Allah a ciki.

Dubi ƙissar Amiru ɗan Akwa'u, Allah Ya yarda da shi, wadda Buhari da Muslimu suka ruwaito. A kan hanyar Haibara, shekara ta 7 ta Hijira, ana tafiyar dare, sai wani ya roƙe shi ya rera musu abin da zai ɗebe gajiya. Ya sauko yana rera baitoci yana kora raƙuma da su. Annabi ya tambayi wane ne mai korar nan, aka faɗa masa, ya yi masa addu'ar rahama. Da aka gwabza, takobin Amiru gajere ne, ya kai sara, bakin takobin ya dawo ya same shi a gwiwa, ya mutu da wannan rauni. Nan da nan wasu suka ce aikinsa ya ɓaci tun da makaminsa ne ya kashe shi. Salamatu ɗan Akwa'u ya je wurin Annabi cikin damuwa ya faɗa masa. Annabi ya ƙaryata masu faɗin haka, ya kuma shaida cewa lada biyu gare shi. Ga mai waƙa, ga mutuwar haɗari da kayan aikinsa, ga masu tsegumi a bayan gawa, ga kuma amsar da aka ba su. Ban san abin da mutum zai ƙara a kan wannan ba.

Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an lissafta shahidai bakwai ban da wanda aka kashe a fagen fama, a cikinsu akwai wanda ruwa ya ci, da wanda wuta ta ƙone, da wanda gini ya rufta wa. Irin mutuwar da jahili ke kira mummuna, ita ce Annabi ya sanya a sahun shahada. Muna yi wa yaronmu fatan wannan daraja, fata ba yankewa ba, domin ya fita ne neman halal don uwa da mata da 'ya. Wannan maganar ta farko ke nan, ba ta bukatar a daɗe a kanta. Ta biyun ce mai nauyi, domin masu faɗinta mutanen kirki ne, kuma rabinta gaskiya ne.

Wasu sun ce ajali, mun ji mun yarda,
Amma ajali bai zama mafakar kowa.
Wanda aka kashe da ajalinsa ya tafi,
Mai kisan kuwa ba shi da wurin tserewa.

Sharhi: Da mai ginin ya zo gaisuwa ya kawo buhun sukari da ɗan abin da ya sawwaƙa, sai wani dattijo ya ce a bar zancen, kwana ne ya ƙare, ko a kan gado yake da ya tafi. Mutane suka amsa. Mu ma mun amsa da rabin farko. Aƙidarmu ta Ahlus Sunna ita ce babu rai da ke mutuwa kafin lokacinsa ko bayansa, kuma malaman tauhidi, irin su Shehu Ibrahimul Laƙƙani mai Jauhara, sun bayyana cewa har wanda aka kashe da ajalinsa ya mutu, mai kisan bai yanke masa ko sa'a guda ba. To, ka tsaya nan ka yi tunani. In wanda aka kashe da gangan da ajalinsa ya mutu, don me shari'a ta wajabta ƙisasi a kan mai kisan? In wanda aka kashe bisa kuskure da ajalinsa ya mutu, don me aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan mutumin da bai ko yi nufi ba? Ubangijin da Ya rubuta ajalin Shi ne Ya saukar da ayar. Da ajali yana share haƙƙi, da babu babin jini a cikin littattafan fiƙihu ko ɗaya.

Asirin abin shi ne, tambaya biyu ce aka cakuɗa. Ta ɗaya, yaushe wane zai mutu? Wannan ta Allah ce Shi kaɗai, ba a tambayar kowa a kanta. Ta biyu, me hannunka ya yi, me kuma ya bari? Wannan taka ce, ita malamanmu Ash'arawa ke kira kasabu, watau abin da bawa ya tsiwirwirta da zaɓinsa, a kanta ake lada da zunubi. Mai ginin ba za a tambaye shi don me yaro ya mutu ranar Talata bai kai Laraba ba. Za a tambaye shi don me aka nuna wa wakilinsa tsagaggen katako ya ce gobe. Wanda ya amsa tambaya ta biyu da amsar ta ɗaya ya yi kamar mutumin da aka ce ina bashina, ya ce ai arziki na Allah ne.

Sayyidina Umar ya riga ya warware wannan tun zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 ta Hijira. Ya kama hanyar Sham, ya isa Sargu, aka gaya masa cuta ta ɓarke a gaba, ya yi shawara ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Haka nan sabon katako ƙaddara ne, tsagagge ma ƙaddara ne, igiya a ƙugu ƙaddara ce, rashinta ma ƙaddara ce, kuma mai hankali an ɗora masa zaɓen gefe mai ciyawa. Abin mamaki, mutumin da ke cewa a bar wa Allah ran ma'aikaci, ba ya barin wa Allah buhunan simintinsa, yana sa musu kwaɗo da mai gadi. Tawakkalin da ke aiki a kan jikin wani, ba ya aiki a kan dukiyar mai shi, sunansa rowa.

Rijiyar da ta rufta ba da hannun kowa,
Jininta hadar ne, babu mai biyawa.
Garun da ya karkata an faɗa wa mai shi,
Wannan dabam ne, sai a zo zantawa.

Sharhi: In ka ce, ai hadisi ya inganta cewa abin da rijiya ta kashe da abin da ramin ma'adini ya kashe babu ramuwa a kansa, kuma malamai sun fassara shi da mutumin da aka ɗauka aikin haƙa, ramin ya rufta masa, sai mu ce gaskiya ne, ba kuwa za mu ɓoye hadisi don ya saɓa wa abin da muke so ba. Amma karanta yadda mai Risala ya kawo mas'alar, za ka ga ya sa mata sharaɗi, watau mutuwar ta zama ba da aikin wani ba. Kowace sana'a tana da haɗarin da ke cikin jikinta, wanda ba mai iya cire shi. Masunci ya san ruwa, mai haƙa ya san ƙasa, mai walda ya san wuta da tsawo. In an yi duk abin da masu sana'ar suka saba yi na kariya, sa'an nan abin ya auku, to, babu wanda za a kama. Wannan shi ne hadar, watau jinin da ba a bin kowa.

Amma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya kawo wata mas'ala da ta fi kusa da tamu. Garu ne ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana kuma da halin gyarawa da lokacin yi, bai yi ba, garun ya faɗa wa wani. Hukuncinsa lamuni ne, watau zai biya. Dubi sharuɗɗan nan uku, karkata da gargaɗi da iko, ka auna su da katakon nan. Ya tsage, an nuna, kuɗin sabo kuwa bai kai abin da aka kashe a sukarin gaisuwa ba.

In ka sake cewa, ai shi ma marigayin ya ga tsagar ya hau, ashe bai ɗauki nauyin kansa ba? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma alƙali zai duba ta, yana yiwuwa ma ta rage abin da zai yanke ko ta canja shi. Mu ba alƙalai ba ne, ɗan littafin nan kuma ba kotu ba ne. Amma a ganina mutum biyu da suka ga tsaga ɗaya ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya in ya ce a dakata, asararsa jinkirin yini guda. Ɗayan in ya ce ba zan hau ba, ya san akwai samari goma a bakin titi da za su hau kafin azahar, ya kuma san abin da ya bari a gida. Annabi ya yi umurni a hadisin Abu Zarri game da waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taimake su. A wani hadisin na Buhari kuma, Allah da kansa ne abokin husumar wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci aikinsa ya hana shi lada. In haka ne game da ladan yini, ƙaƙa game da ƙashin baya? Ko da alƙalin duniya ya sallami mai gini, akwai sauran zama.

Kada wani ya zaci abin namu ne mu kaɗai. A watan Nuwamba na 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi cikin Ikko ya rushe ya kashe mutum fiye da 40. A cikin watan nan dai ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, aka ciro gawa aƙalla 18. Watan da ya biyo wani ramin ya rufta a Kurdufan ta Yamma kusa da Nuhud, mutum 38 suka tafi. Hukumar ƙodago ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aiki, mafi yawansu da cututtukan da aikin ya jawo, wajen 330,000 kuma da haɗari. A cikin waɗannan akwai na rijiya, akwai na karkataccen garu, ba kuwa za a san wanne ne wanne ba sai an tambaya. Kalmar "ajali ne" in an faɗe ta da wuri, tambayar take kashewa.

Yafiya ado ce in haƙƙi na hannu,
Ba a yafe abin da ba a kai ga bayarwa.
Rabon marainiya ba na kawu ba ne,
Bare ya yi kyauta da shi don a yabawa.

Sharhi: Nan ne al'adarmu ta fi yi mana illa. Mu mutane ne masu kunya, baƙi kuma a idon wasu ko da kakanninmu a nan aka binne su, saboda haka mun saba da cewa mun yafe tun kafin a tambaye mu. Ana ganin karɓar diyya kamar sayar da jinin ɗa ne. Allah kuwa bai kira ta haka ba. Shi Ya ce a miƙa ta ga iyalin mamaci, sa'an nan Ya bar musu ƙofar sadaka in sun so. Miƙawa ce farko, yafewa ta biyo baya. Malamanmu sun ƙayyade ta, raƙuma 100 ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa, dangin mai kuskuren da ake kira aƙila su ɗauke ta cikin shekara uku, shi kuma kaffara tana kansa shi kaɗai, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Ka ga yadda shari'a ta tausaya wa mai kuskure ta raba masa nauyin, amma ba ta bar gidan mamaci hannu wofi ba.

Diyya kuma gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gado a diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Annabi ya rubuto masa ya ba matar Ashyamud Dibabi gadonta daga diyyar mijinta, sai Umar ya koma ga wannan. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa. Saboda haka in dattawan ajawid sun zauna sulhu, kawu ko baffa ya miƙe ya ce mun yafe duniya da lahira, sai a tambaye shi rabon wa ya yafe. In yana da rabo, nasa yana hannunsa. Na uwa sai uwa ta faɗa da bakinta, ba tare da an kewaye ta da idanu ba. Na mata sai mata. Na jaririya kuwa babu mai ikon kyauta da shi, domin dukiyar maraya ce, waliyyi mai tsaro ne a kanta ba mai mallaka ba. Sau nawa muka ga an yafe da rana an sha yabo, bayan shekara biyu matar tana sayar da shayi a bakin kasuwar Damazin da goyo a baya, waɗanda suka yafe ɗin kuma ba wanda ya san inda take kwana.

Ban da shari'a, hukuma ma tana da nata. A Sudan akwai dokar biyan diyyar raunin aiki ta 1981, a Nijeriya akwai irinta ta 2010. Amma mafi yawan samarinmu aikin yini suke yi, ba takarda ba sa hannu, sai dai shaidar abokan aiki. Don haka wanda ya ga abin da ya faru ya riƙe shaidarsa, kada tsoron rasa aikin gobe ya sa ya haɗiye ta, ɓoye shaida kuwa an san hukuncinsa a ƙarshen Suratul Baƙara. Samarin nan uku da suka tsaya gaban dattawa suka faɗi abin da suka gani, alhali wajen mutumin suke ci, Allah Ya saka musu da alheri. Da maganarsu aka sake zama na biyu, aka kira mahaifiyar da matar aka ji ta bakinsu, aka rubuta rabon yarinyar aka damƙa wa amintacce.

Kuma ya kai ɗan'uwa mai ɗaukar ma'aikata, kai ma ɗan halka ne, muna ganinka a sahun gaba. Wuridinka na safe ba ya ɗauke maka duba turakun da za ka ɗora ɗan wani a kai. Kai kuma mai sana'a, in ka ce ba zan hau ba sai an gyara, ba raunin imani ka nuna ba, jikinka amana ne. In ku goma kuka faɗa tare, ba a iya korar goma.

Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata kabri,
Ka sa shi a zumrar masu yin yabawa.
Ka raya marainiya bisa kan Sunna,
Ka ba uwa haƙuri mai ɗorewa.

Sharhi: Baitocin nan addu'a ce, ba sa bukatar bayani. Sai dai akwai sanarwa da ta rataya da su, domin ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya masa. An sami littafin da marigayin ke rubuta ayyukan mutane a shagonsa. Akwai ƙofa biyu da gado ɗaya da ya karɓi kuɗin kafin alƙalami bai gama ba, abokan sana'arsa sun ɗauki nauyin ƙarasa su ba tare da lada ba, masu su su je su karɓa. Wanda yake binsa wani abu da ba a rubuta ba, ko wanda marigayin ke bi, ya zo wurin muƙaddami bayan sallar la'asar ko wace rana, za a saurare shi a asirce.